Iyakokin ƙwayoyi a tarihin wayar sufakondakta

Sufakondakta abu ne da wutar lantarki ke ratsa shi ba tare da turjiya ba idan ya yi tsananin sanyi. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM na Zurich, suka gano wannan hali a wani tangaran mai ɗauke da tagulla da oksijin. Da shekara ta zagayo, ƙungiyar Maw-Kuen Wu da Paul Chu a Amurka ta fito da wani tangaran, YBCO, wanda ke aiki a sanyin kusan kelbin 93. Ke nan ruwan naitirojin mai araha, mai kelbin 77, ya isa ya sanyaya shi. Aka ɗauka waya ta kusa samuwa, ashe da sauran rina a kaba.

Tangaran ɗin tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da inda jerin atam ɗinta ya fuskanta. A cikin ƙwaya guda wuta na gudu sosai, amma a inda biyu suka haɗu sai ta shaƙe. A 1988 Dimos, Chaudhari, Mannhart da LeGoues na IBM suka yi gwajin da ya warware batun: suka haɗa ƙwaya biyu kacal, suna sauya kusurwar da ke tsakaninsu, suna auna wutar da ke tsallakewa. Da kusurwar ta haura digiri kaɗan sai wutar ta fara zubewa, kuma bayan kamar digiri 10 abin da ke wucewa bai taka kara ya karya ba. A bakin iyakar jerin atam ya karkace, oksijin ya ragu, kamar tabarma biyu da aka ɗinke saƙarsu ba ta zo daidai ba.

Daga nan aikin ya koma na jera ƙwayoyi. Wayoyin farko da wani tangaran, BSCCO, aka yi su, wanda Hiroshi Maeda ya gano a Japan a 1988: a ɗura garinsa a bututun azurfa, a murje, ƙwayoyinsa masu faɗi su kwanta a jere. Sai dai azurfa na da tsada. YBCO kuwa bai yarda da wannan dabara ba. A 1991 Yasuhiro Iijima na kamfanin Fujikura ya shimfiɗa shi a kan ɗan siririn ƙarfe da aka riga aka yi wa shafi mai jerarrun ƙwayoyi. A 1996 masanan ɗakin bincike na Oak Ridge suka jera ƙwayoyin ta hanyar amfani da murjajjen nikel.

Irin wannan waya, wadda kaurin sufakondaktan cikinta bai fi 'yan maikiron ba, aka naɗa a maganaɗisun da jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka kai ƙarfinsa tesla 20 a Satumban 2021.