Daga Jigo Zuwa Tiga

Kafin injin ban ruwa ya shigo ƙasar Hausa, jigo ne ke shayar da lambu. Kayan haɗa shi ba su da yawa. A kafa gwafa biyu a bakin rafi ko rijiya, a gicciya itace a kansu, a ɗaura doguwar sanda a tsakiya. Gindin sandar a liƙa masa curin laka, a kanta kuma a rataya igiya da guga ko masaki. Mai lambu ya ja igiya ƙasa, guga ya nutse, ya sassauta hannu, nauyin lakar ya ɗago masa ruwan, ya juye a bakin magudana. Masarawa sun yi aiki da wannan dabara a gaɓar Nilu tun zamanin Fir'auna. Da ita kuma kakanninmu suka noma albasa da alkama da barkono a fadamun Kano da Katsina da Sakkwato.

Aikin na mutum biyu ne, kuma ina yaro na yi wa kakana rabin da ake bai wa yara. Shi yana kan jigo, ni ina cikin lambu da 'yar fartanya. In buɗe bakin fangali, ruwa ya shiga, in ya cika in toshe da laka in buɗe na gaba. Bai taɓa yarda a yi ban ruwa da tsakar rana ba, sai da asuba ko la'asar sakaliya. In bazara ta yi tsanani ƙasa ta yi ɓawo, ruwa sai ya riƙa zamewa a kanta ba ya ratsawa. To a nan zai sa a farfasa ɓawon da bakin fartanya, a zuba takin gida, a shimfiɗa ƙaiƙayi don laima ta daɗe. Bayan an gama sai ya tsuguna ya cusa yatsa a gindin albasa. In ya ce "ba ta sha ba," komai jiƙewar sama, sai an sake. Kowane guga da ƙarfinsa ya ɗago shi, saboda haka ba ya wasa da ko ɗigo.

Amma jigo yana da iyaka, kuma fari ne ya nuna ta. Ba ya kai wa ruwa mai zurfi, ba ya kuma shayar da fili mai faɗi. Lambu bai iya tare yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba. Da farin 1972 da 1973 ya zo, rafuka suka ƙafe, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, dabbobi suka yi ta faɗuwa. A tsakiyar wannan hali gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, bayan ta Bagauda. Aka ja ruwa ta manyan magudanu zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Wanda ya ga tulin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan da sanyin hunturu ba zai raina wannan aiki ba. Magidanta da yawa da kan tafi ci-rani sun zauna gida saboda shi.

Wanda ya kashe jigo dai ƙaramin injin fetur ne. Daga shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona irin su KNARDA suka baza shi, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo a 1993 da 'yan rijiyoyin bututu. Abin da mutum ke wuni yana ja, inji ya zubo shi kafin a sha koko. Sauƙi ya samu, ba musu. Sai dai na sha ganin gonar da aka sakar wa ruwa har ya kwanta, saiwa ta ruɓe, takin zamanin da aka saya da tsada ya bi ruwa, daga baya ƙasa ta fito da farin gishiri a sama.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke ƙasan kogi, waɗanda ba a tambaye su ba. A madatsar Bakolori ta ƙasar Talata Mafara, manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu a 1980 da harsashi aka amsa musu, aka rasa rayuka. A Haɗeja da Nguru da Gashuwa kuwa, ambaliyar damina ce arziki. Ita ke cika fadama a shuka shinkafa, masunta su kama kifi, in ta janye makiyaya su sami ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani. Tiga ta rage wannan ambaliya, madatsar Challawa ta 1992 ta ƙara ragewa. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta cushe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu wawushe hatsi. Har yau akwai ƙauyukan da mazajensu ke yin gayya su shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda suna yankan kacala, don ruwa ya sami hanyar isa gonakinsu, kuma kafin shekara ta zagayo ta sake tofowa.