Yadda injin yankan ciyawa ya zama ƙaramin babur

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, unguwanni masu gidaje da filin ciyawa sun yi ta bunƙasa a gefen biranen Amurka, kowane gida kuma sai da injin gyara ciyawar. Kamfanin Briggs & Stratton na Milwaukee, da su Clinton da Tecumseh, suka cika kasuwa da ƙananan injuna masu silinda ɗaya, waɗanda ake tayarwa da jan igiya, ƙarfinsu bai wuce na doki biyu zuwa biyar ba. Ga araha, ga sauƙin gyara. Duk inda inji ya yi araha haka, ba a rasa mai walda da zai ɗora shi a kan taya.

A 1956 Art Ingels, wani maƙerin motocin tsere a Kalifoniya, ya ɗora irin wannan inji a kan ƙaramin firam mai taya huɗu, ya samar da 'yar motar tseren da ake kira go-kart. Ba a jima ba masu wannan harka suka rage tayoyin zuwa biyu. Da farko makanikai ne ke hawan abin a filayen tsere, su ɗauko sifana ko galan ɗin mai su dawo, domin yana shiga but ɗin mota kuma yana ratsa cunkoso. Yaran da suka biyo iyayensu kallo suka ƙyalla ido, daga nan kasuwa ta buɗe.

Gaskiyar magana, tun kafin wannan an yi ƙananan babura. Sojojin laima na Ingila sun yi amfani da Welbike, mai injin cc 98, wanda ake naɗewa a jefo shi daga jirgi. Sai dai wancan kayan yaƙi ne da aka tsara tun daga tushe. Na Amurka haɗe-haɗen gareji ne, kuma ko da kamfanoni suka shigo, irin su Rupp na Mansfield a jihar Ohio, da Taco da Bonanza a Kalifoniya, ba su sauya tsarin sosai ba: firam na bututun ƙarfe da aka lanƙwasa, inji a ɗaure da ƙusoshi huɗu a kan faranti, sarƙa zuwa tayar baya, sai 'yan tayoyi masu kauri. Na farko-farkon ba su da shakazoba, kowane rami sai ya isa ƙugun mahayi. Birkin wasu kuwa wani ƙarfe ne da ake takawa ya goga jikin taya.

A ganina abin da ya raya wannan babur shi ne kulocinsa. Babu giya, babu hannun kuloci. A kan sandar injin akwai wani ƙoƙon ƙarfe, a cikinsa akwai takalma da sifirin ya riƙe. Idan inji yana aiki a hankali, takalman na nan a tsuke, babur na tsaye. Da an murɗa totur, gudun juyawar sai ya watsa su waje su kama bangon ƙoƙon, ƙoƙon ya ja sarƙa, taya ta motsa. Yaro ɗan shekara takwas zai iya koyon wannan cikin yamma ɗaya. Illarsa ita ce hawan tudu ko tafiyar rarrafe, inda takalman ke zamewa su yi zafi har ƙoƙon ya yi shuɗi. Shi ya sa daga baya aka kawo tsarin bel mai faifai biyu da ke buɗewa suna tsukewa, su sauya ƙarfin ja da kansu.

Japan ta biyo ta wata hanya. A 1961 Honda ta ƙera Z100 don yara su hau a wurin shaƙatawarta na Tama Tech, a 1968 kuma ta kai Z50A Amurka da sunan Mini Trail. Wannan babur ne na sosai da aka ƙanƙanta, da giyarsa da birkin kirki. Babura masu injin ciyawa suka kasa ja da shi, ciniki ya ja baya a shekarun 1970, Rupp ya karye a 1978.

Inji ne kuma ya sake farfaɗo da harkar. Tecumseh ya daina ƙera injuna a 2008, amma a lokacin masana'antun Sin sun riga sun cika duniya da kwafin Honda GX200 mai cc 196. Manomin rani a fadama da mai injin markaɗe sun san dangin wannan inji sarai, don shi ne ke ja musu ruwa yana juya musu dutse. A Amurka, irinsa mai suna Predator 212, wanda shagunan Harbor Freight ke sayarwa, shi ake ɗaurawa a kan tsofaffin firam na Rupp da Taco, sau da yawa ba tare da an huda sabon rami a farantin ba.