Rumbun bayanan zoben gado na ƙwayoyin cuta

Mene ne zoben gado?

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin an ba maras lafiya maganin da ya saba warkar da shi, amma bai ji sauƙi ba. Wani lokaci dalilin shi ne ƙwayar cutar ta bijire wa maganin. A cikin ƙwayoyin bakteriya akwai wani ɗan zobe na sinadarin gado, wanda masana ke kira fulasmid tun shekarar 1952. Zoben yakan ɗauki dabarar bijire wa magani, kuma wata ƙwaya takan miƙa shi ga wata, kamar yadda manoma ke musayar iri.

Yaya ake gina rumbun?

Masana suna karanta jerin haruffan kowane zobe da na'ura, su ajiye shi a kwamfuta. Babbar ma'ajiya ita ce GenBank ta Amurka, wadda aka kafa a 1982. Sai dai a can masu bincike na ko'ina ke zuba nasu, tsaba da ƙaiƙayi a haɗe. Shi ya sa masanan jami'ar Saarland ta Jamus suka gina rumbun PLSDB. Suna sheƙe bayanan, su fitar da waɗanda aka maimaita da guntaye, sannan su rubuta wa kowane zobe sunan ƙwayarsa da magungunan da yake bijire wa.

Ina ruwan mutumin Arewa?

Daga 2014 zuwa 2017, a binciken MORDOR, an raba wa yara ƙanana maganin azitoromisin sau biyu a shekara a gundumomin Boboye da Loga na jihar Dosso. Mutuwar yara ta ragu da kimanin kashi 18 cikin ɗari, amma ƙwayoyi masu bijire wa irin wannan magani sun ƙaru a hanjinsu. Ƙwayar cuta kuwa ba ta san iyaka ba. Da irin wannan rumbu ake gane ko zoben da aka samu a Dogon Dutsi ko Tibiri ya taɓa ɓulla a wani wuri.

Abin da ya rataya a wuyanka

Yawan shan magani barkatai ke ba zoben nan damar yaɗuwa. Saboda haka:

Kada ka sayi maganin ƙwayoyin cuta a hannun ƴan talla. Je ka asibiti tukuna.

Sha magani daidai yadda likita ya faɗa, kada ka ba wani ragowarsa.

Wanke hannu da sabulu bayan bahaya da kafin cin abinci.

Kada ka ba dabba magani sai da shawarar malamin dabbobi.