Gini mai rawa da girgizar ƙasa

Da can darasin da ake koya mana a sana'ar injiniyan gini guda ne: a ƙara kaurin ginshiƙi, a ƙara rodi, bene ya tsaya ya sha duka. Rayuka kan tsira, amma ginin kan tashi daga aiki, balle kayan da ke ciki.

Bill Robinson, wani masani a New Zealand, shi ya kawo wata dabara a shekarun 1970: matashi na roba da farantan ƙarfe, da dalma cuse a tsakiya, a ɗora bene a kai. Ƙasa na fizga a ƙarƙashi, gini na bi sannu a hankali, dalma na shanye ƙarfin. Ginin William Clayton da ke Wellington ne ya fara zama a kansa, a 1981.

Amma abin da ya ɗauke mana hankali a lokacin wani ne daban. Tun 1972 James Yao ya kawo shawarar gini ya riƙa mayar da martani da kansa, kuma a 1989 kamfanin Kajima ya gwada a benen Kyobashi Seiwa mai hawa 11 a Tokyo. Na'urori su ji motsi, kwamfuta ta yi lissafi, inji ya tura nauyi a saman rufi don ya kashe lilon. A kan iska da ƙananan girgiza ya yi aiki. Sai dai babbar girgiza wutar lantarki take fara ɗaukewa, kuma ƙarfin da ake bukata ya fi ƙarfin kowane inji.

Girgizar Kobe ce ta raba gardama a 1995. Cibiyar kwamfuta ta gidan waya a Sanda, wadda ke zaune kan matasai, ta fita lafiya, nan take masu gini a Japan suka yi caa kan matashin roba. Mu kuma muka rage buri, muka koma ga birkin mai, wanda kwamfuta ke buɗe wa bawul kawai. In wuta ta ɗauke, birki na nan. Mori Tower na 2003 na da irinsu 356. 

A girgizar 2011 dogayen benayen Shinjuku da ke Tokyo sun yi ta lilo na mintuna duk da nisan inda girgizar ta tashi. Da aka zo gyaran benen Mitsui da ke can a 2015, nauyi shida aka rataya a rufinsa, kowanne tan 300, babu injin da ke tura ko ɗaya.