GADOJIN KATAKO NA RELUWE DA MASU GYARANSU

'Yan'uwa mutanen zango, kowa ya sani da kuɗin goro aka gina gidajenmu da yawa a Kumasi da Sekondi. To, yau muna so mu tuna da abin da goron nan ya taka kafin ya kai bakin teku.

A 1898 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Sekondi. Yaƙin Asante na 1900 ya kawo wa aikin cikas, amma dogo ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, kana ya shiga Kumasi a 1903, watau mil 168 cikin kurmi. Nan da nan fatakenmu suka gane amfaninsa. Huhun goron da a dā ake ɗauka a ka, sai ya koma cikin wagunu zuwa Sekondi, daga can jirgin ruwa ya kai shi Ikko.

Ƙasar kurmi kuwa rafi ne bayan rafi. A irin wannan aiki, inda dogo ya iske ruwa, sau da yawa da katako akan fara ƙetare shi kafin ƙarfe ya iso daga Ingila. Akan kafa ginshiƙai jeri-jeri, a gicciya musu wasu itatuwa, a ɗaure da noti, sa'an nan a ɗora dogo bisa.

Kafa gadar ba shi ne wuya ba, riƙonta shi ne aiki, domin maƙiyanta huɗu ne. Gara takan cinye cikin ginshiƙi ta bar bayansa sumul kamar lafiyayye. Laima takan ruɓar da gindinsa daidai inda ya haɗu da ƙasa. Ambaliya takan jibga masa gumagumai, ta kuma zaizaye ƙarƙashinsa. Tartsatsin inji kuma yakan tā da gobara da rani. Saboda haka helma da leburorinsa sukan bi ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa da guduma. Wanda ya amsa da ƙarfi a bar shi, wanda ya yi amon ganga a tokare gadar a zare shi, a sa sabo kafin jirgi na gaba ya iso. Su ƙara ɗaure notin da girgiza ta kwance, su shafa kwalta, su share ciyawa saboda wuta. Itacen da ya fi jure wannan wahala shi ne odum da kaku.

Littattafan tarihi sun riƙe shekarun da aka buɗe tashoshi, ba su riƙe sunan mai guduma ba, alhali kuwa ran fasinja da jarin falke duk a kunnensa suke rataye. Don haka muna roƙon duk gidan da kakansu ya yi aikin reluwe, a tambayi tsofaffi tun suna tare da mu, a kawo mana sunansa da inda ya yi aiki mu rubuta.

Allah ya jiƙansu da rahama, amin.