Addini ba ya bin jari

Tun da aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka kuma gina garin Arlit don haƙar yuraniyom, baƙi daga nesa ba su daina shigowa ƙasar Agadez ba. Kamfanin OURD na Japan ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na COMINAK, wanda ya yi ta haƙa a Akuta daga 1978 har aka rufe ramin a 2021. Sinawa ma sun buɗe nasu ramin a Azelik. Ƙasashen nan biyu gidajen addinin Buddha ne tun tale-tale, amma har yau kiran salla ke tashin Arlit da asuba. Dalili kuwa shi ne addini ba ya tafiya a cikin jakar kuɗi, sai da zama da aure da malami.

Tarihin Girkawa shaida ne. Bayan rasuwar Iskandar Mai Girma a shekara ta 323 kafin Miladiyya, sojojinsa sun zauna a yankin Afganistan ta yau, suka yi aure, suka haifi ƴaƴa. Sarki Ashoka, babban majiɓincin addinin Buddha, har ya sa aka rubuta dokokinsa da Girkanci a Kandahar, kuma littattafan mabiya addinin suna tunawa da Menander, sarkin Girkawan yankin, yana muhawara da malami Nagasena. A Girka ta yau ma, inda mafi rinjaye Kiristocin Orthodox ne, ɗaliban Ole Nydahl, malami ɗan ƙasar Denmark, sun gina hasumiyar ibada kusa da Xylokastro a 2010. Malami ne ya kai addinin, ba kamfani ba.

Wani zai ce Musulunci ne ya yi ƙarfi a ƙasar Agadez, shi ya hana komai shiga. Akwai gaskiya a nan, amma ba ita ce duka ba, domin Kiristoci suna da cocinsu a Arlit. Bambancin shi ne ma'aikata Kiristoci da suka zo daga kudu da maƙwabta irin su Benin da Togo sun zo da iyalansu, suka shiga kasuwa da unguwa. Mai hannun jari kuwa yana Tokyo, injiniya kuma yana bayan katangar sansaninsa, kwangila na ƙarewa ya kama hanya. Wanda bai ci tuwo da kai ba, da wuya ya koya maka addu'arsa.