Barbarar Furen Ɗorawa

Barbarar furen ɗorawa ita ce hanyar da ƙurar fure ke tashi daga wata bishiyar ɗorawa zuwa wata har a samu kalwa. Ɗorawa, wadda masana ke kira Parkia biglobosa, tana fitowa a yankin savana daga Senegal zuwa Sudan ta Kudu. Robert Brown ne ya raɗa wa danginta suna Parkia a 1826 don tunawa da Mungo Park.

Bishiyar tana fure da rani. Jemagu masu cin 'ya'yan itace ne ke ɗaukar ƙurar da dare, ƙudan zuma kuma da sassafe. Yawancin kalwa daga barbarar bishiyoyi daban-daban take samuwa, domin ɗorawa ba ta cika karɓar ƙurar kanta ba. Wannan ne ke wanzar da bambancin ƙwayoyin gado a cikinta.

Idan sara ya rage bishiyoyi, barbara tsakanin dangi na kusa tana ƙaruwa, dashe kuma ya yi rauni. Saboda haka masu farfaɗo da daji ke tattara iri daga bishiyoyi masu yawa da ke nesa da juna. A Burkina Faso, cibiyar irin itatuwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1983, tana adana irin ɗorawa.